Ƙwai Ba Ya Zuwa da Kwanan Wata

"Malam, a ina kaza za ta buga kwanan wata a jikin ƙwai?" Maman Biyu tela ta daki teburin shugaban makaranta har biro ya faɗi ƙasa.

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ai ke kika kawo dokar. Abin da ba a liƙe yake da kwanan wata ba, ba ya shiga makaranta."

Gaskiyarsa, kuma shi ya fi ƙona mata rai. Ita ta miƙe a taron iyaye tana kumfar baki kan alewa mai rini da lemon kwalba da suka cinye haƙoran yara. Har tafi aka yi mata. Da dokar ta fito, sai ga alewa da lemo zaune daram a shagon surukin shugaba, don su a liƙe suke. Wadda aka kora ita ce maƙwabciyarta, Iya Mai Ƙwai, da ta shekara ashirin a bakin ƙofa tana sayar da dafaffen ƙwai da ayaba, tana ɓare wa ƙanana da hannunta.

Tun ranar da maigadi ya fitar mata da tire, Iya ta kwanta. Likita ya ce zuciya ce. Maman Biyu ba ta yi musu ba.

Sai da ta yi sawu bakwai gaban kwamitin makaranta, kullum a sha shayi, a ɗage zama. Ranar Laraba da hantsi aka miƙo mata takarda, ta kwaso gudu har ɗakin Iya.

"Iya, sun yarda! Litinin za ki koma."

Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar. "'Yan aji ɗaya fa, wa ke ɓare musu?"

"Ni na jawo miki, Iya. Ki yafe ni."

"Ke dai da baki, tun kina ƙarama," in ji Iya, ta ɗan murmusa. Kafin azahar ta cika.

Shugaba ya aiko da gaisuwa, haɗe da katan biyu na lemon kwalba. Maman Biyu ta kinkime su ta dire a tsakiyar titi.

Tana komawa shago 'yar Iya ta shigo da farin yadin likkafani, ta ajiye kan keken ɗinki. Maman Biyu ta lashi bakin zare ta nufi allura. Ta sake lasa. Har sau huɗu zaren yana wucewa ta gefe.