Hankici Mai Ƙadangare

Tishu na tarar Baba Mudi yana wankewa. Na leƙa ta inda katangarmu ta zube zan miƙa masa kunun safe, sai ga dattijo durƙushe gaban bokiti, ya naɗe hannun riga, yana lalube cikin kumfa kamar wanda allura ta faɗa wa.

"Baba, mi kaka biɗa?"

"Abin share hancin da Likita ta kawo. Guda huɗu nis saka, Asabe, ko ɗaya ban gani ba."

Ya ɗago hannu, ga farin abu ya manne masa a yatsu kamar ƙullun koko. Na yi dariya har kunun ya nemi zubewa.

"Baba, wanga ba a wanke shi. In ka share, sai ka yas."

"In yas? Abu sabo, in taɓa shi sau guda in yas?" Ya yi tari mai tsawo, ya huta. "Kuma takarda ce hwa. Mu da munka tashi, in ka ga takarda ƙasa ɗauka kakai ka soke ga katanga, ko da sunan Allah ciki. Yau ni za a ce in yi kaki cikinta?"

Likitar nan da yake faɗi ba likita ba ce. Saudat ce, 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya a Gusau. Shekarata ashirin ina maƙwabtaka da gidan nan a bayan tsohuwar tashar jirgi ta Kaura, ban taɓa jin sunanta ya fito daga bakinsa ba. Baba Mudi mutumin da ne, kunyar 'yar fari ya riƙe ta da hannu biyu. Ba ya kiran sunanta, ba ya kallonta ido da ido, ba ya yabonta ko da kuskure. Tana tsaye a gabansa zai juya wajen ƙanenta Armiya'u ya ce, "A gaya mata na ci abinci." In Armiya'u ya tafi da motarsa Shinkafi, to buta yake gaya wa.

Shi dai tsohon ma'aikacin reluwe ne, mai ɗaga wa jirgi tuta, kuma ina jin tun daga nan ƙyalle ya shiga ransa. Hankici goma sha ɗaya gare shi. Tun rasuwar matarsa Inna Mero shi ke wanke abinsa da kansa, ya jera su a igiya, ya koma gefe yana kallonsu. In hantsi ya yi na ga igiyar nan a cike, na san Baba ya tashi lafiya, ba sai na tambaya ba.

Da damina ta faɗi tari ya kama shi. Saudat ta ɗauki hutu ta zo da magunguna da katon guda na tishu. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi igiya, ta kwashe hankicin nan tas, ta tara a tsakar gida ta kunna musu ashana. Wai cuta yake adanawa a aljihu, ya fito da ita ya shafa a fuska, ya mayar. Tsakani da Allah gaskiya ta faɗa, ni ma na sani. Amma akwai yadda ake faɗa wa tsoho gaskiya, ba da kalanzir ba. Baba yana zaune a tabarma yana kallon hayaƙin, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai.

To, ranar wankin tishun nan, da ya karɓi kunu sai ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya cire hula, ya zaro wani abu daga cikinta ya turo mini ta kan katanga.

"Na sha biyu ne. Wanga ban taɓa aiki da shi ba sai yanzu da anka ƙone sauran. Ki wanke mani, ki dahwa shi da ruwan zahi yadda taka so, amma kar ta gani."

Na buɗe. Farin yadi ne da ya koma ruwan madara don tsufa, bakinsa a karkace, kuma a tsakiya an ɗinka wani abu da baƙin zare da kore. Ga kai, ga dogon jiki, ga ƙafafu barkatai, ga wani abu kamar wutsiya ya fito ta saman kan.

"Baba, wa yaɗ ɗinka maka ƙadangare?"

"Wata ce."

"Wata? Iye. Baba, ashe an yi zamani. Inna Mero ta sani?"

"Ita tas sayi zaren."

Na ce lallai Inna Mero 'yar Aljanna ce. Na yi juyin duniya ya faɗa mini sunan budurwar, ya ƙi. Maigidana Sabo da na nuna masa ya ce ba ƙadangare ba ne, tarwaɗa ce. Muka yi musu har tuwo ya huce. Da na kai ƙara wajen Baba sai ya ce, "Ku kira shi yadda kunka ga dama."

Haka na zama 'yar fasa-ƙwauri da girmana. Da safe hankici ya tsallaka katanga a ƙarƙashin faifan da na rufe kwanon kunu, da yamma ya dawo cikin kwanon da babu komai. In tafasa shi, in wanke, in shanya a tsakanin zannuwana inda ido ba ya kaiwa. Shi kuma Baba, don kada a gane, kullum sai ya yage tishu biyar-shida ya dunƙule ya watsa bayan ɗaki. Akuyata ta gano wurin. Cikin mako biyu ba ta kallon dusa, tana jin tarin Baba za ta nufi katanga a guje.

Armiya'u ne ya ɓata mana shiri. Mutum ne har da gemu, amma in yayarsa ta zare masa ido sai ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Ya ce ai akwai saura ɗaya. Saudat ta birkice ɗakin Baba, ta zazzage matashi, ta juye aljihun riguna, har cikin gafakarsa ta duba. Da ta rasa, sai ga ta a bakin katanga.

"Yaya Asabe, don Allah in kin ga wani tsumma wurin Baba ki gaya mani. Ba mugunta nikai mashi ba. Ƙirjinshi ya ci, ni na san abin da nig gani ga hoto."

Idonta ya yi ja, ta rame. A lokacin hankicin yana ɗaure a bakin zanena, ina jin ɗuminsa a cinya. Na ce, "Tsumma kuma? Wane iri?" Allah Ya yafe mini.

Na so in faɗa wa Baba mu daina, don yarinyar ta ba ni tausayi. Amma washegari ban same shi a bakin katanga ba, sai da na zagaya ta ƙofa. Yana kwance, muryar ta dushe. Ya karɓi hankicin ya damƙe, ya ce, "Asabe, tahiya ta matso, ni na sani. Abu guda nika roƙonki. Kar ki bari in cika da takarda ga hannu."

"Haba Baba, wace irin magana ce wagga?"

"Kin ji dai."

Na ce na ji. Tun daga ranar ban ƙara yin dariyar abin da zuciya ɗaya ba.

Sai marka ta sauka. Kwana uku ana ruwa, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan da ke sa gishiri ya narke a kwano. Ranar Laraba da yamma na wanke hankicin na rataya a ɗaki. Ranar Alhamis da hantsi na taɓa shi, jiƙe yake sharkaf kamar yanzu na tsamo shi. Ina tsaye ina tsaki sai na ji muryar Armiya'u ta katanga.

"Yaya Asabe, jikin Baba ya tashi. Ke yaka tambaya."

Kai, ban taɓa jin haushin ruwan sama irin na ranar ba. Itace ya jiƙe, ashana ta yi sanyi, sai da na ƙyasta bakwai. Na tono gawayi daga ƙarƙashin gado na hura a dutsen guga, ina fifita da faifai ina salati. Garin sauri na ɗora dutsen da zafinsa, gefe guda ya ƙone ya yi ja. Na ce ko a ƙone ne sai ya je. Na cusa shi cikin mayafi, na tsallake katangar nan da ƙafata, abin da ban taɓa yi ba, na bar takalmi ɗaya a taɓo.

Ɗakin ya yi tsit sai numfashin Baba. Armiya'u yana wajen ƙafafunsa yana karatu a hankali. Saudat tana zaune a bakin gado da kwalin tishu a cinya, tana share masa zufa. Duk inda ta goga sai takardar ta marmashe ta maƙale, gemunsa da girarsa duk fari-fari. Baba ya buɗe ido da ƙyar ya nemi Armiya'u.

"A gaya mata ta bar liƙa mani takarda. Ni ba katangar 'yan siyasa ba ne."

Armiya'u ya yi wata irin dariya da ta koma kuka. Baba ya juyo da ido wajena, ya buɗe tafin hannunsa a kan bargo. Babu kwanon kunu, babu faifai, babu inda zan ɓoye. Na zaro hankicin a gaban kowa.

Saudat ta riga shi kai hannu. "Yaya Asabe, ashe ke ce." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta riƙe shi da yatsu biyu, nesa da jikinta.

"Na dahwa shi, wallahi," na ce. "Kullum sai na dahwa shi. Ki bar mashi ɗan ƙadangarenshi, Saudat, mi zai rage yanzu?"

Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai hankicin ya warware. Ta tsaya. Ta shimfiɗa shi a kan gwiwarta, ta bi zaren da ɗan yatsa tun daga kai har wutsiya.

"Ba ƙadangare ba ne," ta ce. "Jirgi ne."

Na matso na leƙa, ita kuwa ta ci gaba.

"Jirgin ƙasa ne. Ga kai, ga tarago ukku, ga hayaƙi. Ina aji huɗu anka ce kowa ya ɗinka hankici. Malama ta ɗaga nawa gaban aji ta ce mi ne ne wanga, anka yi ta dariya." Ta shafa zaren. "Da nid dawo gida na yas da shi ga juji, bayan zaure. Ni da hannuna na yas da shi."

Ta dubi mahaifinta. Shi kuwa ko a nan bai dube ta ba. Ya kafa wa Armiya'u ido, ya tattaro sauran numfashinsa.

"A gaya mata jirgin ya yi. Shekara talatin ina ɗaga ma jirgi tuta, na hi malamarta sanin jirgi."

Saudat ta ture kwalin tishun ya faɗi ƙasa. Ta ninke hankicin, ta bi gemun tana tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, ta share masa goshi, ta share gefen baki. Sannan ta sa masa shi a tafin hannu, ta rufe yatsunsa da nata. Ni dai na koma bakin ƙofa da ƙafa ɗaya ba takalmi, ina kuka da bakin mayafi. Kafin a kira azahar Baba Mudi ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Katon ɗin tishun bai yi asara ba. Matan da suka zo gaisuwa daga Moriki da Banga suka yi ta yaga, wasu na share hawaye, wasu na ƙunshe goro, wata tsohuwa ta soke guda goma a ɗankwali ta ce za ta kai tsaraba. Abin da suka yar kuma akuyata ta bi ta tsince. Ranar addu'ar uku ko ƙyalle bai rage ba.

Washegari rana ta fito. Na dama kunu, har na rufe kwano da faifai na nufi katanga kafin na tuna. Na tsaya a wurin da kwanon a hannu. Saudat tana durƙushe gaban bokitin Baba, ta naɗe hannun riga. Ta matse hankicin a hankali, ta yarfe, ta shanya shi a tsakiyar igiyar nan da ta yi wata biyu babu komai, ta daidaita gefen da na ƙona. Ba ta gan ni ba. Ta koma gefe ta zauna a tabarma tana kallonsa.

Ni ma na karkata kai na duba, na sake dubawa. Iska ta ɗan taso ta kaɗa shi, kuma daga inda nake tsaye sai na fara ganin hayaƙin.