Ƙyauren Matakalar Glenys

"Ɗaga ƙafa ka tsallake, ɗan nan. Ba ya buɗe wa baƙo," in ji Noreen Ackroyd.

Tana tsaye hannu a ƙugu tana kallon Mista Fenwick, jami'in sauraron ƙorafi na ƙaramar hukuma, yana kokawa da ɗan ƙyauren ƙarfen da ke gindin matakala. Ta san yadda ake buɗe shi sarai, ta ƙi nuna masa. Sai da ya tsallake da ƙyar, jakarsa ta maƙale, sannan ta bi shi sama, inda maƙwabciyarta Glenys Pickup ke kwance, ciwon huhu ya gama cinye ta.

Saboda Rory aka sa ƙyauren, jikan Glenys. Da uwarsa ta nutse a shaye-shaye, hukuma ta ɗauke yaron, Glenys ta ce a ba ta riƙonsa. Ma'aikaciyar kula da yara ta zo duba gida, ta ce matakalar nan haɗari ce. Washegari Noreen ta riƙe ƙyaure, Glenys ta ɗaure shi da hannunta. Ba wanda ya dawo ya duba. Rahoton da ya isa kotu ya ce matakala a buɗe take, tsohuwa ba ta jin shawara. Alƙali ya miƙa yaron ga wasu mutane, riƙo na har abada.

Glenys ba ta san lauya ba. Ofishin hukuma ta sani, inda take biyan haya tun tana amarya. Can ta kai kukanta, aka ce ta shigar da ƙorafi za a duba. Tana jiran amsarsu wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce.

Fenwick ya zauna a bakin kujera, bai cire rigar ruwansa ba.

"Misis Pickup, mun fahimci damuwarki ƙwarai."

"Ka gan shi?" Muryar Glenys da ƙyar take fita.

"Wa?"

"Ƙyauren."

"Ya gan shi mana," Noreen ta ce. "Saura kaɗan ya bar wandonsa a kai."

Fenwick ya gyara murya. "Na gani. Sai dai abin da kotu ta yanke ba ya cikin hurumin ofishinmu. Da ƙorafinki a kan jinkiri ne, ko an yi miki magana ba daɗi, wannan muna dubawa."

"Ƙarya aka rubuta a kanta!"

"Rahoton ya shiga gaban alƙali, Misis Ackroyd. Duk abin da ya shiga can ya fita hannunmu. A kotu ya kamata a ƙalubalance shi."

"To me ya hana ku faɗa mata tun ranar farko? Kuka zauna a kan maganar kamar kaza a kan ƙwai, sai da ƙofar kotu ta rufe!"

"Akwai layi. Kowa bi ake yi."

"Layin kabari, ko?"

Glenys ta ɗaga yatsa, suka yi shiru. "Ban ce a dawo min da Rory ba, ɗan nan. Ka rubuta dai cewa na sa ƙyauren. Wata rana zai girma ya karanta. Kada ya ce kakarsa ba ta ko gwada ba."

Fenwick ya dubi takalminsa. "Ba ni da ikon taɓa rahoton. Amma zan rubuta cewa na ziyarce ki."

Noreen ta ɗauke shayin da ta ajiye masa, ko kurɓa bai yi ba. "Sauka. Ka kula da ƙafarka, akwai abin da babu shi a gindin matakala."

Glenys ta cika ranar Alhamis da hantsi, ana yayyafi, motar shara na ƙara a layi. Masu ɗaukar gawa biyu suka sauko da ita a hankali, suka tsaya cak. Makarar ta fi bakin ƙyauren faɗi.

"Uwa, akwai sukurdireba a gidan nan? Mu kwance shi, yanzu mu wuce."

"Ka taɓa shi ka gani," in ji Noreen.

"To yaya za mu yi?"

"Ku ɗaga ta sama. Ba ta da nauyi."

Suka dubi juna, suka ɗaga ta har kafaɗa, suka tsallakar da ita. Noreen ta tsaya har motar ɗaukar gawa ta sha kwana, sannan ta koma ciki. Ƙyauren yana nan a rufe, fari fat, ko ƙwarzane babu. Ta ja hannun rigarta ta goge inda takalmin ɗayansu ya shafa masa laka.