Ramukan Tsutsa a Dutsen Farfesa

Shekara da shekaru ƙanwata Auta tana shafa dutse a ɗakin bincike, wai digiri na uku take nema. Dutsen dogo ne kamar taɓarya, injin haƙa ya zaro shi daga ƙarƙashin ƙasa, aka yayyanka aka jera a akwatuna. Farfesanta ya daɗe da yanke masa hukunci: yashi a ƙasa, laka a sama, don haka can da daɗewa wurin bakin kogi ne, teku ta taso ta haɗiye shi. Da wannan maganar ya yi suna, har tafiyarsa ta canza.

Rannan Auta ta dawo gida ido jawur.

"Yaya, dutsen nan a kife yake."

"A kife kamar yaya?"

"Akwai ramukan tsutsotsi da suka daskare a ciki. Tsutsa daga sama take haƙawa, bakin raminta sama yake kallo. Namu duk ƙasa suke kallo. Ke nan laka ce a ƙasa, yashi a sama. Kogin ne ya ture teku, ba teku ce ta ci shi ba."

Na ce to ki gaya masa mana! Ta je ta gaya masa. Gogan ya zare tabarau ya ce, "'Yata, digiri kike so ko tsutsa?"

Raina ya ɓaci, na ce ta kai ƙara. Ta ce, "Yaya, ba ki san jami'a ba." Ta zauna ta rubuta abin da yake son ji.

Ranar kare aikin na sha kwalliya na zauna a baya. Baƙon malamin da aka gayyato don ya yi alƙalanci ko kundin Auta bai buɗe ba. Ya ɗauki guntun dutse ɗaya, ya ƙura masa ido, ya juya shi.

"Wa ya karanta wannan a kife?"

Farfesa ya yi ajiyar zuciya, ya girgiza kai kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Wallahi ba yadda ban yi da yarinyar nan ba. Yaran yanzu ba sa duba ramukan tsutsa."

Aka ce Auta ta sake aikin tun daga farko.

A bakin ƙofa Farfesan nan ya tare ni, ko kunya babu.

"Ke ce yayarta? Ki lallashe ta. Ta zo gobe da wuri, zan fitar da takarda a kan abin da na gano, ita za ta buga min."