Mufida Tana Magana

Badamasi ya kashe adaidaitar a gindin wata ɗorawa, dab da shiga Kibiya, ya juyo ya dubi 'yarsa. Mufida tana zaune a gefensa a gaba, inda take zama kullum, ƙafafunta suna lilo. Maƙwabciyarsu ta yi mata kitso jiya, yau da safe kuma ta zizara mata kwalli.

"Saurara, Mufida. Gidan kakanki za mu. In mun shiga, kada ki ce komai. Ko an tambaye ki, ki yi shiru. Kin ji?"

Ta dube shi, ta gyaɗa kai.

Maganar ta yi masa ɗaci a baki. Shi ne fa ya yi wata da watanni yana roƙon Allah ya buɗe bakin yarinyar nan, yau kuma ga shi da kansa yana rufe shi.

Tun ranar da matarsa Sa'adatu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, Mufida ta daina magana. Yarinyar da a da sai an roƙe ta take yin shiru. Ya kai ta asibiti har Kano, likita ya duba kunne, ya duba harshe, ya ce komai lafiya, sai dai haƙuri. An yi rubutu ta sha, an yi tofi, shiru. Badamasi ba shi da uwa a raye, yayarsa guda kuma tana aure a nesa. Ya gwada barin yarinyar wajen maƙwabciya, sai ta ƙi cin abinci, ta tsaya a bakin ƙofa tun fitarsa har dawowarsa. Dole ya riƙa fita da ita aiki, daga Rano zuwa Rurum, daga Rurum zuwa Rano.

A inda 'yan adaidaita suke jiran fasinja kuwa, ashar ce sallama, ita ce kuma amsa. Badamasi kansa ba baya ba ne a wannan fanni, musamman in yana kan titi. Bai taɓa tunanin akwai kunne a gefensa ba, don ya saba da shirunta har yana mantawa tana ji.

Wata ranar kasuwa wani mai mashin ya gifta ta gabansu, saura ƙiris su haɗu. Kafin Badamasi ya buɗe baki, sai ya ji wata 'yar murya a gefensa ta ce, "Uwarka, ɗan iska." Ya gangara gefen titi, ya kifa kansa, ya yi kuka wiwi. Fasinjojin sun zaci tsorata ya yi, suka yi ta ba shi baki.

Kuskurensa shi ne da ya ba abokan aikinsa labari. Ɗanmalam, ɗan kamashon wurin, wanda sunansa da bakinsa ba su taɓa haɗa hanya ba, ya mayar da abin wasa. Da ya ga an zauna babu fasinja, sai ya nuna wani ya ce, "Mufida, ba shi." Ita kuwa sai ta miƙe, ta ware 'yan yatsunta biyar ta yi daƙuwa, ta ɗura wa mutum ashar tiryan-tiryan. A fashe da dariya, a saya mata alewa. Ƙarti da gemu, wasu da 'ya'ya a gida, suna riƙe ciki.

Kawu mai shayi ne kaɗai ya taɓa tanka musu. "Ku ji tsoron Allah, marainiya ce. Wane ne a cikinku zai yarda a yi wa tasa haka?"

"Haba Kawu," in ji Ɗanmalam, "wa aka haifa a garin nan bai tashi da jin zagi ba? Mu ba ga mu ba? In ta girma za ta daina."

Badamasi ya san Kawu ne mai gaskiya. Ya sha zaunar da ita a gida yana cewa, "Ce Baba. Ce ina kwana." Sai ta juya ta kalli bango. Sau ɗaya ya taɓa daka mata tsawa, ranar da ta zagi wata dattijuwar fasinja. Daga nan ta rufe bakinta ruf, kwana da kwanaki, har sai da shi da kansa ya je ya roƙi Ɗanmalam ya tsokane ta. Bai sake yi mata faɗa ba.

Sai ga saƙo daga surukinsa, Malam Isyaku, wai ya kawo yarinya su gan ta. Badamasi ya san abin da ke bayan saƙon. Tun zaman makoki Hajiya Sharifa, mahaifiyar Sa'adatu, ta nemi a bar mata jikarta, shi kuma ya durƙusa ya roƙa, aka ƙyale masa ita. Bai san yadda zai kwana a ɗakin nan ba in babu numfashinta a ciki.

Ya tayar da keken suka shiga gari.

Malam Isyaku yana zaune a zaure a kan buzu. Badamasi ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, suka gaisa. Sannan tsohon ya juya wajen jikarsa, fuskarsa ta washe.

"A'a, amaryata ce ta zo? Ko gaisuwa babu? To wallahi na fasa auren. Dube ta, mummuna da ita, hanci kamar na ubanta."

Badamasi ya dubi Mufida da sauri. Wasa ne irin na kaka da jika, amma sak irin tsokanar da Ɗanmalam yake yi mata. Ya ga hannunta na dama ya motsa a kan cinyarta, 'yan yatsun sun fara buɗewa. Sai ta waiwayo ta dube shi. Ta dunƙule hannun, ta sa shi cikin riga.

Ya sauke ajiyar zuciya a ɓoye. Hajiya ta leƙo ta ja yarinyar cikin gida, aka kawo masa abinci, Malam ya tashi ya ba shi wuri don ya san ba zai ci a gabansa ba. Daga zauren yana jiyo muryar Hajiya tana ta kiran sunan Mufida, tana yi mata waƙa, tana tambayarta ko za ta sha fura. Bai ji amsa ba ko sau ɗaya, kuma duk lokacin da bai ji ba sai ya gode wa Allah.

Bayan azahar Malam ya dawo ya zauna. Hajiya ta tsaya a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, inda za ta ji ba tare da an gan ta ba.

Malam ya ce, "Badamasi, ba mu ce ka gaza ba. Yarinya tsaf da ita, ba rama, ba dauɗa. Allah ya saka maka. Amma har yau ba ta magana. Tun safe Hajiya take fama, ko uffan. Yaro sai da yara. A nan ga 'ya'yan kawunta, ga Islamiyya a ƙofar gida. Ka bar ta, bakinta zai buɗe da yardar Allah."

Sai a lokacin Badamasi ya gane ramin da ya haƙa wa kansa.

"Tana magana, Baba."

"Tana yi?"

"Tana yi."

"Me take cewa?"

Badamasi ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

Malam ya jima yana dubansa, sannan ya ce, "To a kawo ta. In ta faɗi ko kalma ɗaya ce a gabana, na yi maka alkawari ka tafi da abarka, ba mai sake tayar maka da maganar."

Aka turo ta. Ta tsaya a tsakiyar zauren, da sauran fura a leɓenta.

"Mufida, ce ina wuni. Yi magana yanzu, na yarda. Ce Baba."

Ta zuba masa ido kawai. Ya san kalmomi biyun da za su buɗe bakin nan take, "ba shi" ɗin Ɗanmalam, suna kan harshensa, ba sai ya ɗaga murya ba. Amma wa zai nuna mata? Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba shi, wanda ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba? Ya sake cewa, "Ce Baba mana." Bai faɗi waɗancan biyun ba.

Daga bayan ƙofa Hajiya ta ce cikin kuka, "Kada ka ga laifinsa, Malam. Ba don mugunta ya faɗa ba, son ta yake."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo, a ɗauke shi maƙaryaci kuma a yafe masa.

Aka shirya zai aiko da kayanta. Bayan la'asar Hajiya ta ja ta can ƙuryar gida da sunan za a nuna mata 'yan awaki, don ya samu ya sulale. Bai tayar da keken ba, tura shi ya yi a hankali don kada ta ji ƙara. Malam yana biye da shi yana rakiya. Dattawan unguwa da suka fito daga masallaci suna zaune a kan dakali.

Ba su kai kwanar layin ba Mufida ta fito a guje, ba takalmi, ɗankwalin ya faɗi. Ta ga keken yana tafiya, ta ga babu ita a ciki. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ta ware hannayenta duka biyu ta auna ubanta da su.

"Uwarka! Shege, ɗan iska, uwarka!"

Ba ta tsaya nan ba. Ta kawo manyan, waɗanda ko a tasha sai rai ya ɓaci ake faɗa, tana yi hawaye na zuba. Badamasi ya saurara. Wannan ba ashar ɗin Ɗanmalam ba ce. Tasa ce, har yadda yake jan ƙarshenta. Dattawan kan dakali suka yi ta salati, wani ya tashi ya bar wurin. Hajiya ta zo ta riƙo ta ta baya, ta rasa ko ta toshe mata baki ko ta rungume ta.

Malam Isyaku bai dubi kowa ba. Carbinsa ya tsaya a hannunsa. Da ya yi magana, a hankali ya yi, yadda su biyu kawai za su ji.

"Ta yi magana. Ka yi gaskiya, ni kuma na yi alkawari. In za ka ɗauke ta, ɗauke ta."

Badamasi ya dubi wurin zamanta a gaban keken. Gobe da safe tasha ce, da Ɗanmalam, da titi, da bakinsa. Ya dubi yarinyar tana ta fizge-fizge a hannun kakarta.

"Ba ta cin yaji, Baba," ya ce. "Kuma in ta yi irin wannan, don Allah kada a dake ta. Ba ita ba ce."

Ya hau ya tayar. Yana jin ta a bayansa tana ta zaginsa da iya ƙarfinta, ya kuma san da zarar ya ɓace mata za ta rufe bakin, Allah kaɗai ya san ranar buɗewarsa. Don haka ya tafi a hankali, a hankali sosai, bai ƙara wuta ba sai da ya daina jin muryarta.