Ƙofar da ke Kallon Hedikwata

Auta ya rubuta wa na'urar rauta ta sito umarnin farko: in ba ta sake jin ɗuriyarsa ba nan da ɗan lokaci, ta kashe kanta, ta tashi da tsohon tsarinta. Duk mai taɓa na'ura daga nesa da haka yake farawa, in dai yana da hankali. Ya danna maballi ya jingina da kujera.

A ofis Injiniya ake ce masa, har da masu rusunawa, amma a gida Auta ne, kuma Auta zai tsufa. Ɗakin na'urorin hedikwata ba shi da taga, sai sanyi da gurnanin fanka da ƙananan korayen fitilu masu ƙyafta ido. Wanda ya ci ya ƙoshi da rana ya shigo nan, to barci ya samu abin hawa.

Aikin ba wuya. Kowane reshe na kamfanin yana da rauta, akwatin da ke nuna wa saƙonni hanya, kowacce da ƙofofin da wayoyi ke shiga. Rauta takan leƙa ta ƙofa ta gai da maƙwabciyarta a kai a kai. In an amsa, sai su yi musayar labarin hanyoyin da suka sani, har kowacce ta riƙe taswirar kamfanin gaba ɗaya. In gaisuwa ta ɗauke, sai a ɗauka maƙwabciya ta mutu, a goge ta daga taswira. Yau Manaja ya ce a rufe bakin ƙofofin rautar sito da ke kallon kwamfutocin ma'aikata, su daina gaisuwa, a bar waɗanda ke kallon wasu rautoci.

Sito yana hayin gada, can ƙarshen gari, kuma mai kula da shi yayan Auta ne. Shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kawo takardunsa kamfanin nan. Bara da Yaya ya kwashe kayan ɗakin Baba ya mai da shi ɗakin yara, Auta ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Kai ba ubana ba ne." Magana zarar bunu. Yaya ya ci gaba da naɗe tabarma. Tun daga ranar ko a taron ma'aikata kowa bangonsa yake bi. Auta yana kewarsa ƙwarai, sai dai girman kai ya hana shi nemansa.

Yana bin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, idonsa na lumshewa. Fitilun suka fara narkewa suna zama tagogi. Ya ga layinsu na dā da sassafe, ƙofofin gidaje na buɗewa, ana ɗaga hannu ana tambayar kwana. Ya ga kansa a kan sandar keken Yaya, jakar makaranta a ƙirji, haɓar Yaya tana taɓa masa tsakar kai duk sanda suka faɗa rami. Yaya ba ya wuce kowa bai gaisar ba, har mai faci da kullum fuskarsa a murtuke. Iska tana kaɗa rigarsa, ƙararrawar keken tana kuka, gadar tana ta matsowa amma ba a isa.

Yatsunsa ba su yi barci ba. Da ya buɗe ido, rubutu ya daskare a fuskar kwamfuta. Ya duba layin ƙarshe, ya ga ya rufe bakin ƙofar da ke kallon hedikwata, wadda shi kansa yake shiga ta cikinta. Ya sare reshen da yake zaune a kai. Can sai rautar hedikwata da ke gabansa ta sanar cewa maƙwabciya ta yi shiru, ta goge sito.

Manaja ya leƙo, kofin shayi a hannu. "Injiniya, sito ya ɓace mini. Motoci na jiran lodi fa."

"Yanzu zai dawo, ranka ya daɗe."

"Ko in kira yayanka ya kashe abin ya kunna?"

Babu bukata, Auta ya sani sarai. Umarnin farko na nan yana jira, rauta za ta tashi da kanta. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Bari ni in kira shi."

Wayar ta daɗe tana ƙara.

"Wa ke magana?" in ji Yaya, muryarsa tana amo a cikin faɗin sito.

"Ni ne, Yaya. Ina wuni?"

"Kai wa? Injiniya ko Auta?"

"Auta ne."

Ta wayar ana jin ƙarar mota tana ja da baya. "Lafiya lau. Me ka lalata?"

Ya yi masa bayani: akwatin da ke saman kabad, bayan teburinsa, akwai makunni ta baya. Ya ji takun Yaya, ya ji yana mitar ƙura da gizo-gizo, yana cewa masu ilimi kullum sai sun rataye abu inda gajere ba zai kai ba.

"Ga ni a gabansa. Kada in taɓa wanda ba shi ba, a ce tsoho ya kashe kamfani. Wanne ne?"

"Tsaya tukuna, Yaya. Ya yara? Ƙaramar ta fara tafiya?"

"Tafiya? Gudu take. Ka ga abin da ka bari ya wuce ka."

Suna cikin haka, layi ya fito a fuskar kwamfuta: maƙwabciya ta amsa, sito ya dawo cikin taswira. Auta ya kalli rubutun, ya sa tafin hannu ya rufe shi.

"To, ya dawo?" in ji Yaya.

"Tukuna. Kada ka kashe wayar."

A can hayin gada, Yaya yana tsaye gaban kabad, hannunsa a aljihu. Da idonsa ya ga fitilun sun mutu sun tashi, bai taɓa komai ba.

"To," ya ce. "Bari in jawo kujera."