Kogon da Ba a Nuna wa Baƙo

Ni ma bakina ba shi da murfi, don haka ba ni da hurumin zagin Sifis, direban bas ɗin ƙauyenmu. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Yana cikin goge gilashin mota a tasha, sai wata baƙuwa 'yar Jamus mai jakar goyo ta tsaya ta ce duk faɗin tsibirinmu na Kirit, a ƙasar Girka, ba ta ga gashin baki irin nasa ba. Shekara talatin da aure, matarsa ba ta taɓa faɗa masa haka ba. Kafin ya farga, ya juya bayan tikiti ya zana mata hanyar Kogon Waliyyi.

Kogon nan kuwa shi ne abin ɓoyonmu. Akwai tsohuwar majami'a a cikinsa, da zanen bango na shekara ɗari shida, da idon ruwa mai sanyi da ke gangarawa cikin teku. Dokar ƙauye ce: duk baƙon da ya tambaya, a nuna masa hanyar juji. Allon da hukuma ta kafa ma tuni aka rarake shi da harsashi, aka ce murnar biki ce.

Da hantsi Sifis ya shiga shagon gahawa na Inna Areti, ya zauna a kujerar gindin taga wadda ya gada daga ubansa. Gahawarsa ta huce bai taɓa ba.

"Kai, wa ya mutu?" in ji Manusos, yayan matarsa.

Sifis ya yi ta murza hula, can dai ya amayar da zancen.

"Gashin baki!" Manusos ya buga tebur. "Wannan guntun tsintsiyar? A kanta ka sayar da mu?"

"Ɗana," in ji Fada Lefteris, limamin majami'armu, yana shafa gemu, "Yahuza ma da ya sayar da Almasihu, sai da aka ba shi wani abu ya riƙe a hannu."

Stratis mai kemis ya lalubo matar a wayarsa. Ashe sana'arta ke nan, tona wuraren da ba a sani ba, kuma mutum dubu ɗari biyu ke bin ta a intanet.

"Shi ke nan," ya ce. "Mako mai zuwa za ku ga ana sayar da askirim a ƙofar Waliyyi."

Nan take aka yanke hukunci. Aka ce duk ranar da motar 'yan yawon buɗe ido ta farko ta shigo ƙauyen, Sifis zai yi sallama da kujerar ubansa, ya dinga shan gahawa a tsaye kamar mai karɓar haraji. Da ya koma bakin aiki a yinin nan, sau biyu yana wuce fasinja a hanya bai gan su ba.

Da la'asar muna shagon, Stratis ya shigo a guje, waya a sama. Matar ta yi rubutu, har da hoto. Ya gyara tabarau ya fassara mana:

"Awa uku ina hawan dutse. Rami ne mai duhu, ba komai sai warin bunsuru. Kada kowa ya wahalar da ƙafarsa."

Sifis ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara zama. Kujera ta tsira. Amma ya duba bai ga mai taya shi murna ba.

"Warin bunsuru?" Manusos ya miƙe tsaye. "Waliyyin namu? Ita a garinsu me suke da shi, in ban da hazo da dankali?"

Aka zagaya da wayar kowa ya ga hoton. Fada ya daɗe yana kallo, ya ce danshi ne ya cinye zanen. Stratis ya ce idon ruwan ma da alama ya ƙafe, duniya ce ta ɗumame. Manusos ya rantse bara waccan ba haka wurin yake ba. Sifis ya karɓa ya girgiza kai, ya ce shi abin ya fi ƙarfin bakinsa.

Sai ga Inna Areti daga kicin da farantin soyayyar katantanwa. Shekararta tamanin da huɗu. Ta dire farantin, ta leƙa wayar ta saman kafaɗar Fada.

"Ku ba ni nan, 'ya'yan banza." Ta kai ta dab da hanci. "Wannan ai turken awakina ne. Ga ma bokitin da nake cigiya tun bazara."

Ba wanda ya ɗago kai. Kowa ya sa tsinke yana zaƙulo katantanwa kamar an ba shi aikin gwamnati.

Duk teburin nan babu wanda ya taka Kogon Waliyyi tun shekarar da aka kawo talabijin ƙauyen. Sifis kuwa bai taɓa zuwa ba.