Ruwan Inabin Walimar Mimi

Tun ranar da Mimi ta fara hadda, mahaifiyarta Hanifa ta yi mata alkawari: in ta kai Amma za a yi walima, kuma ba lemon kanti za a sha ba, ruwan inabi ne wanda uwarta za ta matse da hannunta. Mimi shekararta shida, haihuwar Madina ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Ba ta kuma mance alkawari. Ranar da ta kai Amma, kafin ta cire takalmi ta ce, "Mama, asir ahmar," wato jan ruwan inabi.

Aka sa walima Juma'a bayan la'asar. Ranar Talata Jibril, mijin Hanifa, ya kwashe su a mota daga unguwarsu ta Ƙurban, suka wuce motocin alhazai a Bi'ir Ali, suka nufi gonar inabin da Osman yake kula da ita. Osman Bahaushen Sudan ne, dattijo mai son zance.

"'Yar'uwa, me za ki dafa?" ya tambaya kafin ya tsinko ko nonon inabi ɗaya.

"Me ya haɗa girkina da inabinka, Baba Osman?"

"Komai!" Ya miƙa mata wani ja mai manyan 'ya'ya. "Wannan halawani ne. Ɓawonsa da kauri, yana da ɗan bauri a ƙarshe. Shi ne abokin nama, yana wanke maiƙo a baki. Wannan farin kuwa banati, ba ƙwallo a ciki, tsami-tsami gare shi. A kan masa ko kifi ake shan sa. Kada ki haɗa su tukunya ɗaya, kowa da halinsa."

Hanifa ta ɗanɗana, ta ga dattijon bai yi ƙarya ba. Ta tsaga ɗaya gida biyu kafin ta ba Mimi, don har yanzu ba ta yarda yarinyar ta haɗiyi inabi ɗungum ba. Suka ɗauki kwali biyu na ja, biyu na fari.

Da yamma ta wanke, ta markaɗa, ta tace da farin ƙyalle. Gora goma sha biyu suka cika. A saidaliyya, wato kantin magani, take aiki, hannunta ya saba da rubuta takarda a jikin kwalba, saboda haka kowace gora sai da ta samu tata: "Ja, da nama." "Fari, da masa." Ta jera su a firji, ta shiga aikin Laraba da Alhamis hankalinta kwance, domin akwai babba a gida. Goggo Dumbulwa, ƙanwar babanta, ta zo umara daga Gusau, kuma ita ta karɓi girkin walima gaba ɗaya. Ko kicin ba ta barin Hanifa ta leƙa. "Je ki huta, ke da kika wuni a tsaye."

Juma'a da hantsi Hanifa tana guga sai ta ji "fus!" daga baranda, sannan dariyar Mimi.

"Mama, ta'ali! Fih gaz!" Wai ta zo ta gani, akwai gas a ciki.

Ta tarar da yarinyar tsugune, jan ruwa yana kumfa yana bin hannunta, ta cika kofi tana shirin kaiwa baki. Hanifa ba ta san lokacin da ta karɓe kofin ba. Ta shinshina. Ta sake shinshinawa. Ga gororinta nan goma sha biyu a jere kusa da robar ƙullin masa, an lulluɓe su da tawul, kowace ta kumbura tam.

"Kin sha?"

"La," ta ce tana girgiza kai.

"Buɗe bakin in ji." Ta sunkuya ta shaƙa. Ƙamshin man goge baki kawai. Sai a lokacin ta sauke numfashi.

Goggo ta fito tana goge hannu da zani. "Af, kin gan su? Tun Laraba na fitar. Naman rago ba shi da wurin zama a firjin nan naku. Kuma sanyin nan shi ke sa wa ƙawata tari. Na ɗan ƙara musu sukari, na ce su kwana su yi daɗi, kamar kunun zaƙi."

Hanifa ta tsaya da kofi a hannu. Matar nan ita ta goye ta tana jaririya, kwana biyu kuma tana tsaye a kan wuta saboda Mimi. Ga baƙi mata kusan talatin suna tafe, har da malamar hadda.

"Goggo, sannunku da ƙoƙari. Sai dai inabi ba kamar gero ba ne. In ya kwana biyu a zafin nan, ga sukari, ga murfi a rufe..."

"Sai me?"

"Ku shinshina."

Goggo ta kai hanci. Ta ɗago a hankali. "Hanifa, wannan ai warin bayan tasha ne."

"Shi ne, Goggo."

"Innalillahi! Giya na dafa? A Madina?" Ta dafe ƙirji ta zauna a kan kwalin inabi. "Na sayar da shanu biyu na zo neman lada, ashe sana'a na zo buɗewa!"

Dariyar da Hanifa take dannewa ta ƙwace mata. Goggo ma ta kama, har da hawaye, tana yi tana istigfari. Suka kwashi gororin zuwa banɗaki suka tuttular, Goggo tana bin kowace da ruwa bokiti guda. Mimi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon jan ruwan yana tafiya.

Hanifa ta durƙusa gabanta. "Me na ce za ki sha yau?"

"Ahmar."

"To shi za ki sha."

Ta kira Osman. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya yi dariya har da tari. "Ki gaida Hajiya, ki ce ba ita ta fara ba. Ki turo maigida kafin a tafi masallaci. Amma wannan karon kada ki ajiye, ki matse a gaban masu sha."

Haka aka yi. Jibril ya dawo da kwali huɗu, ya samu sallar Juma'a da ƙyar. Bayan la'asar Hanifa ta kafa tebur a ƙofar falo, ga na'urar markaɗe, ga ƙyallen tata, ga kwanon ƙanƙara. Mimi ta karanta Amma cikin farar abaya, ba ta yi tuntuɓe ba sai sau ɗaya. Kofin farko nata ne, ja, da ɗan kumfan sabon matsi a kai. Ta shanye, ta ɗago da jan gashin baki, ta ce da Hausa, "Ƙara mini."

Hanifa ta yi niyyar rufe zancen safe, amma Goggo ba ta ba ta dama ba. Kafin a kai ga shinkafa ta ba kowa labari, ta kuma naɗa kanta mai tsaron tebur.

"Ke mai masa, ajiye jan nan, fari ne naki. Hawa, nama ne a farantinki, zo ki karɓi halawani."

Da za a watse, Raliya maƙwabciyarsu ta zaro gora daga jaka. "Goggo, a zuba mini in kai wa maigida, gobe ya sha."

Goggo ta ɗora hannu a kan bakin jug.

"Gobe? A'a, 'yata. Ga inabin nan, ɗebi ki kai masa ya tauna."